Fitila Mai Sanin Iyakarta

In kana cikin masu tafiyar dare a hanyoyinmu, ko daga Akwanga ka hau tudu zuwa Jos, ko daga Kafanchan ka nufi Kaduna, ka san tashin hankalin da ke cikin 'yan daƙiƙun nan da wata mota ke tunkaro ka da farin haske kamar walƙiya. Titi yakan ɓace maka ƙurmus. Ba ka ganin rami, ba ka ganin bakin kwalta, ba ka ganin ɗan acaɓa ko matar da ta taso daga kasuwa da kaya a ka. Sai dai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ƙanƙame sitiyari, ka kira sunan Yesu har motar ta wuce. Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari shi ne, mai waccan motar ba mugu ba ne. Sau da yawa mutumin kirki ne wanda ya gaji da dusasshiyar fitila, ya shiga kasuwa ya sayi ƙwan da ya fi kowanne haske, aka ɗaura masa, ya koma gida yana murna domin yanzu yana gani sarai. A bayan hasken yake zaune, bai taɓa sauka ya tsaya a gabansa ba.

Bari in faɗa maka abin da ya faru a cikin fitilarsa. Yawancin tsofaffin motocin da ke shigo mana suna da fitila mai kwanon madubi a baya da ƙwan halojin a tsakiya. A cikin ƙwan akwai ɗan zaren ƙarfe murɗaɗɗe, tsawonsa 'yan milimita kaɗan, kuma maƙera sun auna kowane lanƙwasa na madubin daga daidai inda zaren nan yake. In aka cire shi aka cusa ƙwan LED ko na zenon, wanda haskensa ke fitowa daga wani wuri dabam da wata siffa dabam, lissafin madubin ya rushe. Haske ya ƙaru ƙwarai, gama ƙwan halojin mai wat 55 yakan ba da lumen 1,000 zuwa 1,500, na zenon kuwa mai wat 35 yakan kai wajen 3,000. Amma ƙarin ya watsu sama, cikin rassan itatuwa da idanun mutane. Ubangijinmu ya yi magana a kan irin wannan a sura ta 2 ta bisharar Markus, inda ya nuna cewa sabon ruwan inabi ba ya zama lafiya a tsohuwar salka. Akan yi hasarar abin da aka zuba da abin da aka zuba a ciki.

Gyaran gaske ya fi canjin ƙwai wuya da tsada. Sai an buɗe gidan fitilar ɗungum, a sa masa wata na'ura da masu riwaya ke kira furojekta, sa'an nan a mayar da gidan a rufe yadda ruwa ba zai shiga ba. Kana iya samun furojektan da aka ciro daga wata mota a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kana kuma iya sayen sabo. Ba sabon abu ba ne a duniyar motoci. Tun cikin shekarun 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fara sa shi a manyan motocinsa, shi ne kuma ya fito da fitilar zenon a 1991.

In ka riƙe furojekta a hannu za ka ga abu uku ne. A baya akwai ƙaramin madubi mai siffar rabin ƙwai, wanda ke tattara hasken ya kai shi wuri guda. A gaba akwai gilashi mai kauri mai tudu, irin na ƙara girman rubutu, wanda ke jefa hasken kan hanya. A tsakaninsu, daidai inda hasken ya taru, akwai ɗan faifan ƙarfe siriri wanda bai kai tafin hannun yaro ba. A kansa nake so mu daɗe, domin shi ne asirin abin duka. Aikinsa tare haske. Yana tsaye a ƙasan hanyar hasken yana kashe wani kaso nasa, gilashin gaba kuma yana juya hoton sama ta koma ƙasa, har inuwar faifan ta faɗa a sama. Sakamakon haka, in ka haska bango za ka ga layi miƙaƙƙe kamar an ja shi da reza: ƙasansa haske tas, samansa duhu. Titi yana cikin hasken, idon mai zuwa yana cikin duhun.

Ka lura da abin mamaki. An sayi ƙwai mai tsada domin haskensa, sa'an nan da gangan aka sa ƙarfe ya tare wani ɓangare na abin da aka biya kuɗi dominsa. Mai lissafin kasuwa zai ce ɓarna ce. Duk da haka fitilar da aka yi wa wannan shamaki ita ce ake iya kunnawa a hanyar da mutane ke bi.

Ina tunanin wannan faifai duk lokacin da na ji wani mai bi yana yabon kansa da cewa shi ba ya ɓoye gaskiya, abin da ke ransa shi yake faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Ka san irinsu, gama kowace ikkilisiya tana da su, a kwamiti, a ƙungiyar mawaƙa, a zumuntar mata, wani lokaci ma a bagade. Sau da yawa abin da suke faɗa gaskiya ne. Yarinyar ta yi cikin kuwa, ma'ajin ya yi sakaci da lissafi kuwa, dattijon nan yana shan giya a ɓoye kuwa. Sai a tashi a tsakiyar taro a sake wa mutum hasken duka a fuska, a zauna ana cewa gaskiya ɗaci gare ta. Ka tambayi kanka abin da wanda aka haska ya gani a wannan lokaci. Bai ga zunubinsa ba, bai ga hanyar komawa gida ba. Abin da ya gani farin wulaƙanci ne kawai, kuma wanda aka kashe wa ido a kan hanya, ko ya faɗa rami ko ya yi karo da kai. Na san gidaje da suka daina zuwa sujada shekara da shekaru saboda magana ɗaya ta gaskiya da aka faɗa ba a wurinta ba.

Almasihu, wanda shi ne hasken kansa, bai yi haka da almajiransa ba. A daren da za a bashe shi, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura ta 16, ya gaya musu cewa akwai sauran magana da yawa a wurinsa, amma ya riƙe ta domin ƙarfinsu bai kai su ɗauke ta ba tukuna. Musa ma, da ya sauko daga dutsen Sina'i fuskarsa tana annuri har jama'a suka ji tsoron matsowa, ya riƙa rufe ta da mayafi bayan ya gama isar musu da saƙo. A Matiyu 18 kuwa an tsara mana matakai: ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe maganar ta kai gaban ikkilisiya. Mu mun fi son farawa daga ƙarshe.

Wataƙila ka ce mini, to ai hasken da ya bayyana wa Shawulu a hanyar Dimashƙu ya makantar da shi kwana uku. Haka ne. Amma ka tuna wanda ya haska shi, ka kuma tuna cewa kafin kwanakin su cika ya riga ya shirya Hananiya ya je ya ɗora masa hannu ya kira shi ɗan'uwa. In kana da ikon buɗe idon da ka rufe, sai mu sake magana.

Kada kuma ka ɗauka ina koya maka tsoro ko munafunci. Yawancin furojektan zamani suna da ɗan maganaɗisu na lantarki a ƙarƙashin faifan. In direba ya ja sandar ful-layit, za ka ji ƙwas, faifan ya kwanta, hasken ya fita gaba ɗaya har nesa. Ƙwai ɗaya ne, ƙarfinsa bai canja ba tsakanin dim da ful. Annabi Natan ya san wannan aiki. Da aka aike shi wurin sarki Dawuda a kan maganar Uriya, ya fara da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ya bar sarki ya ga mugunta a fili da idonsa har ya yanke hukunci da bakinsa. A nan ne ya kwantar da faifan, ya gaya masa cewa shi ne mutumin. Dawuda bai makance ba, ya tuba. Da Natan ya shigo fada da ƙarshen maganar a bakinsa tun daga ƙofa, ban san ko za mu sami Zabura ta 51 ba.

Akwai wani tarko a wajen saye da ya kamata ka sani. Layin da faifan ke yankawa ba a kwance yake gaba ɗaya ba, yana da ɗan hawa a gefe guda domin a ga allunan hanya da masu tafiya a ƙafa. Mu a Nijeriya tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, saboda haka hawan namu a dama yake, gefen hagu kuma inda motoci ke zuwa ya zauna ƙasa. Furojektan da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, hawansa yana ɗaya gefen. Lafiyarsa ƙalau, a ƙasarsu abin yabo ne, amma a hanyar Zariya zai ɗaga hasken daidai cikin idon mai zuwa. Nakan tuna da wannan in na ga matasanmu suna kwaso salon wa'azi daga talabijin da waya, yadda wani mai wa'azi a Amurka ke yi wa jama'arsa magana, su zo su gwada shi a kan tsohon da ya haifi ubansu, ko a kan maƙwabcinsu Musulmi wanda suka sha ruwan rijiya ɗaya shekara talatin.

Yanzu ga aikin hannu. Bayan an kwance bamba an ciro fitilar, za ka tarar murfin gaba, wanda roba ce mai ƙarfi ko da yake muna ce mata gilashi, a manne yake da gidan baya da wani baƙin danƙo da ake kira butil. In ka sa sukudireba ka ɓanɓare shi da sanyinsa, ƙugiyoyin za su karye, bakin gidan ya tsage. Sai an gasa. Wasu sukan sa fitilar a tanda mai zafin digiri 100 zuwa 120 na wajen minti goma, a kan katako domin kada roba ta taɓa ƙarfe, wasu kuma sukan bi bakin da na'urar hura iska mai zafi, a hankali, ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. In zafin ya gaza danƙon ba ya saki, in ya yi yawa gidan ya lanƙwashe har abada. Ba zan tsawaita a nan ba, gama duk wanda Ubangiji ya taɓa buɗe zuciyarsa ta wurin ciwo ko rashi ya san ma'aunin nan fiye da yadda zan iya rubutawa. In an buɗe, hannu ba ya taɓa madubin ciki, domin abin da ke ƙyalli a kansa ɗan shafen alminiyam ne wanda ko tsumma mai laushi yana iya goge shi. A ɗaura furojektan, a mayar da fitilar jikin mota ba murfi, a kunna a ga ko layin ya kwanta daidai ko ya karkace. In aka rufe a karkace, sai an sake gasawa.

Sa'an nan a zo ga rufewa, inda yawancin ayyuka ke lalacewa. Dalili kuwa a fili yake. An riga an ga haske, mai mota ya yi tafi, rana ta yi, kowa yana so ya tafi gida, danƙo kuma ba wanda zai gan shi. Sai a dumama tsohon da ya rage, wanda ya riga ya kwashi ƙura ya yanke a wurare, a danna murfi, a shafa silikon a kan baki domin ido, a karɓi kuɗi. A watan Janairu ba za ka ga aibu ba. Ka jira ruwan Agusta.

Mai aikin kirki yakan zauna ya ƙwaƙule tsohon danƙon daga cikin kwarin da ya zagaye bakin gidan, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, har kwarin ya fita fes. Aiki ne mai cin rai da ƙona yatsu. Daga nan ya ɗauko sabon butil, wanda ke zuwa a naɗe kamar igiya, ya shimfiɗa shi cikin kwarin a zagaye ɗaya ba yankewa, ya haɗa bakin biyu a ƙasa su hau juna, ba a sama inda ruwa ke kwanciya ba. Ya sake dumamawa, ya danna murfin har ƙugiyoyi su kama, ya matse kewaye da filaya, ya bar shi ya huce a matse. Silikon na gina gida ba ya wannan aiki: irin mai warin tsami yana fitar da tururi da ke dusashe madubi daga ciki, ga shi kuma in ya bushe ba ya sake narkewa, ranar da wani abu ya lalace a ciki sai an yanka. Butil yana riƙewa da ƙarfi amma yana yarda a sake buɗe shi.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan aiki ba. A cikin umarnin da Allah ya ba Nuhu a Farawa 6, tare da tsawon jirgi da faɗinsa, an ambaci shafe shi da ƙaro ciki da waje. Mahaifiyar Musa ma ta yi wa kwandon iwa irin wannan shafe kafin ta ajiye ɗanta a bakin kogin Nilu. Ka yi tunanin matar nan tana bin kowace kafa ta kwandon da yatsa, ta san abin da rami ɗaya zai jawo.

Ga dalilin da ya sa rufewa da faifan nan magana ɗaya ce. In ruwa ya sami 'yar kafa, ba ya shigowa da yawa. Raɓa ce take kwanciya a cikin murfin, kowane ɗigo kuma yana karkatar da haske ta inda ya ga dama. Layin nan mai kaifi sai ya dagule, haske ya tsallaka sama, fitilar da aka sha wahala aka horar ta koma kashe wa mutane ido, ta kuma rage nuna wa mai ita hanya. In abin ya daɗe madubi ya yi tabo, wayoyi su yi tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka duba mutanen da harshensu ya fi yanka a cikin jama'ar Allah, za ka tarar da yawansu ba haka suka fara ba. Wani abu ne ya shiga ta ƙaramar kafa ya kwanta: zaɓen dattawa da aka tsallake su, bashin da ba a biya ba, gaisuwar makoki da ba a zo ba. Ba a ƙwaƙule shi ba, aka shafa murmushin ranar Lahadi a kai. Yau in sun buɗe baki da ayar Littafi, ta cikin wannan raɓa take fitowa, su kuwa suna tsammani kishin gidan Ubangiji ne. Shi ya sa Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa kada su kwana da fushi. Ya san ba a dare ɗaya yake ɓarna ba.

Amma kada himma ta kai ka ga toshe ko'ina. A bayan kowane gidan fitila akwai 'yan ƙofofin numfashi, wasu da lanƙwasasshen bututun roba mai kallon ƙasa, wasu da ɗan ƙyalle mai barin iska ya hana ruwa. Iskar ciki tana kumbura in fitila ta yi zafi, tana tsukewa in ta huce. Wanda ya ga ramukan nan ya ɗauka aibu ne ya cike su da gam, ya tilasta wa gidan ya ja numfashi ta wurin da danƙo ya fi rauni, damshin da ya shiga kuma ba shi da mafita. Mai bi da ya rufe kansa ruf, ba ya faɗa wa kowa damuwarsa, ba ya karɓar gyara, ba shi da abokin addu'a ko ɗaya, yana cikin wannan hali, ko da yake daga waje ya fi kowa kama da mai tsaro.

Aiki na ƙarshe shi ne saiti, kuma ba a yinsa daga kujerar direba. A sami fili mai daidai da bango, da dare. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a sa alama a bango, a ja motar baya mita 10. A jikin gidan fitila da yawa za ka ga an buga 1% ko kusa da haka, ma'ana layin haske ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar a wannan nisa. Akwai sukurori a baya da ake juyawa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. In an gama, ka roƙi wani ya tsaya can gaba ya durƙusa daidai tsayin mai zama a ƙaramar mota, ya gaya maka abin da idonsa ke ji. A rayuwarka ma akwai masu wannan matsayi, matarka ko mijinki, 'ya'yanka, yaron shagonka, waɗanda kullum suke gaban haskenka. Tambayarsu tana da wuya, jin amsar ba tare da kāre kai ba ya fi wuya.

Saitin kuma ba na har abada ba ne. Ranar da ka taso daga ƙauye bayan Kirsimeti, but cike da buhunan masara da doya, mutum huɗu a kujerar baya, gindin motar zai zauna, hancinta ya ɗaga, layin da ka auna da kyau ya hau har fuskar mutane ba tare da ka taɓa komai ba. Haka mutum yake in nauyi ya yi masa yawa, ko na kuɗin makaranta, ko na jinya, ko na sabon muƙami. Wasu motoci suna da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, da lambobi daga 0 zuwa 3, wanda direbobi da yawa ba su san amfaninsa ba. Na sunkuyar da fitila ne gwargwadon kayan da aka ɗauka. Kafin ka tayar da mota a irin wannan dare, ka duba ko taka tana da shi.